Kan da Na Sa a Tarauni

Abin da ya fara tarbata a Kano kwata ce. Motar da ta ɗauko ni daga Damagaram ta sauke ni da la'asar, ɗan ƙanwata ya sa ni a adaidaita sahu ni da akwatina, muka yi ta kutsawa cikin hayaƙi har Gyadi-Gyadi. Da muka tsaya a bakin layinsu na sako ƙafa, sai takalmina ya nutse cikin wani baƙin ruwa mai kauri da ya tsallako daga lambatu ya kwanta a kan hanya. Ledojin ruwa na yawo a samansa, ga mataccen ɓera ya kumbura a gefe. Taku kaɗan daga wurin wata mata na suyar awara, mutane na tsaye suna ci suna hira. Na dubi yaron na ce, "Nan kake zamne?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai nan unguwar manya ce." Takalmin nan dai ban ƙara sa shi ba.

Ni ungozomar asibiti ce, abin da a wajenmu ake kira sajfam. Ƙuruciyata duka a ɗakin haihuwa ta ƙare. Da na aje aiki, maigidana kuma Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai na tsinci kaina a tsakar gida ina kallon kaji. Asuba ta yi in tashi in yi salla in yi wanka, sannan in tuna babu inda za ni. Hannuna suka dinga yi mini ƙaiƙayi. Ɗan ƙanwar nan tawa yana aikin gwajin jini a babban asibitin koyarwa na Kano, shi ya ba ni labarin wani ƙaramin asibiti a Tarauni da wata ƙungiyar masu hali ta gina don matan unguwa. Ya ce mata sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Na ce to ni ga ni, lafiyata lau, fanshona na isata, zan je in sa kai. Aka duba takarduna, aka ce ina iya taimakawa a ƙarƙashin shugabar nas-nas ɗin wurin.

Ƙawayena sun yi mini dariya da na ce za ni ƙasar waje. Suka ce Kano ce ƙasar waje, garin da kakanninmu ke zuwa fatauci da jakuna? To ni dai na gani. Rana ta farko na tambayi wani mai shago hanyar likita, ina nufin asibiti kamar yadda muke faɗa, sai ya nuna mini wani mutum da ke wanke motarsa, ya ce ga likita nan. Yaran layi suka gano ina cewa "mi" da "tahi", suka mayar da ni abin wasa, in na wuce su dinga kwaikwayona ta bayan katanga. Wannan bai dame ni ba, yaro yaro ne. Abin da ya dame ni manya ne. Ƙato da gemunsa ya leƙo daga adaidaita ya tofar da kaki dab da ƙafarka, ko waiwaye babu. Wani ya tsaya ya yi fitsari a jikin bango, a daidai ƙarƙashin rubutun da ya hana. Gidaje masu kyau, ƙofofi na ƙarfe har da ado, amma shara tsibi guda a bakin ƙofar, mai gidan ya fito cikin shadda da turare ya tsallake ta ya shiga mota. Matar ɗan ƙanwar tawa, ɗana ke nan, yarinya ce mai kirki, kullum tana ba ni haƙuri kamar ita ta zubar. Nakan ce mata ba laifinta ba ne.

Na ɗauka in na shiga asibiti zan huta da wannan. A can ne gidana, ko'ina yake a duniya.

Shugabar, wadda kowa ke kira matiron, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Mace ce mai jiki da fara'a, mai yawan cewa "ma sha Allah". Ta tara mini ma'aikatanta a baranda, mata matasa cikin fararen kaya da hijabi, suka rusuna suka gaishe ni kamar yadda ya dace. Ta ce in yi musu bayanin kaina. Na faɗi inda na fito da aikin da na yi, na ƙare da cewa, "Ni ba baƙuwa ba ce, ku ɗauke ni ɗaya daga cikinku. Sa kai na zo yi."

Fuskokin nan suka canja a gabana. Wata ta dubi wata. Wata 'yar siririya ta ce, "Hajiya, a wannan shekarun?" Daga baya can na ji an ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu kuma har daga Nijar." Matiron ta yi gyaran murya ta sallame su.

Na ce a raina, rashin tarbiyya ne da ƙin baƙo. Na ga irinsu, kuma ba su fi ƙarfina ba.

Da na shiga ɗakin haihuwar sai na manta da su. Katifar gadon mai leda ce, ta tsage a tsakiya, soson ciki ya sha abin da ya sha har ya yi baƙi. An liƙe tsagar da filasta, filastar ma ta ɗago. Almakasai na kwance cikin wani kwano mai tsatsa. Bokitin da ake zuba mabiyiya ba shi da murfi, ƙudaje sun mai da shi gida. A kan teburin da ake aza jariri na tarar da ledar ɗanwake da cokali a ciki. Na yi shekaru ina shaƙar jini da ruwan naƙuda ban taɓa jin ƙyanƙyami ba, domin wannan ƙazantar aiki ce, ana wanke ta. Amma ƙazantar da aka bari ta kwana ta wuni har ta zama 'yar gida, ita ce ba na iya haɗiyewa. Na tuɓe mayafina na ɗaura zani, na nemi ruwan jabel, wanda su suke kira bilic, na yi ta dirza har la'asar. Babu wadda ta kama mini. Suna zaune a baranda da wayoyinsu, in na wuce su juya hira zuwa Turanci.

Haka muka ci gaba. Nakan riga kowa zuwa, in bar wurin bayan kowa. Su kuwa wata ta zo hantsi, wata ta zo yau gobe babu ita, ba wanda ke tambaya. Na yi wa matiron magana, ta ce, "Sai haƙuri, Hajiya, kin san yanayin." Ban san wane yanayi ba. A inda na yi aiki, ma'aikaciya ta makara sau biyu sai ta tsaya gaban shugaba ta yi bayani. Na yanke hukunci cewa malalata ne, na kuma faɗa wa ɗana haka da bakina, a kan tuwo.

Wadda ta fi ba ni haushi a cikinsu ita ce wata mai wushirya. Ta ɗan girmi sauran, doguwa ce, ba ta da yawan magana. Haushinta ya fi yawa ne saboda ita ce ta iya aiki. Wata safiya aka kawo mana wata mata daga Unguwar Gano, ta haihu a gida jini ya ɓalle. Kafin in buɗe baki mai wushirya ta riga ta sami jijiya ta sa ruwa, ni ina murza mahaifa ita tana miƙo mini abin da nake so tun ban nema ba. Muka tsayar da jinin, aka wuce da matar babban asibiti da ranta. Muna wanke hannu na ce mata, "Ɗiyata, Allah ya ba ki hannu. Mi ya sa kike wasa da shi? Mi ya sa kullum sai rana ta take kike zuwa?"

Ta kalle ni, ta ce, "Na gode, Hajiya." Ta yarfe hannunta ta fita. Na bi ta da kallo, na ga dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe guda. Na ga abin, amma ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Ana cikin haka sai shugaban kwamitin ƙungiyar ya kawo ziyara da baƙi. Alhaji ne mai kuɗi da ladabi, tun daga ƙofa turarensa ya riga shi shigowa. Bai shiga ɗakin haihuwa ba, ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci. Aka kira ni, aka tsayar da ni a tsakiya, aka jera ma'aikatan a gefe, wani ya ɗaga waya ya saita ta a fuskata.

Alhaji ya ce, "Ku dubi wannan baiwar Allah. Uwa ce, ta haifi wasunku. Ta baro ƙasarta da gidanta ta zo nan, ba ta nemi ko sisin kowa ba. Ita ke fara zuwa, ita ke wanke ɗaki da hannunta. Wannan shi ne sa kai na gaskiya, ba wanda za a yi ta damun mutane da ƙorafi da yaushe-yaushe ba. Ku yi koyi, 'yan mata. Ku ji tsoron Allah ku yi koyi."

Baƙi suka yi kabbara. Ni kuwa ina tsaye kamar tunkiyar da aka kai kasuwa ana buɗe haƙoranta. Ban gane abin da ke ƙarƙashin maganar ba, amma na ji warinsa. Na dubi layin matan, duk kansu a ƙasa, sai mai wushirya da ke kallon bango, muƙamuƙinta na motsi. Kafin magariba hoton ya zagaya wayoyi, har ƙawayena na Damagaram suka kira ni suna mini barka. Tuwon ranar ban iya cinsa ba.

Ruwan sama ne ya haɗa ni da mai wushirya. Damina ta yi nisa, muka tashi aiki hadari ya haɗo, kafin mu kai titi ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fake a rumfar wani mai walda, sai ga ta ta shigo ita ma, hijabinta ya manne a jiki. A nan idona ya faɗa kan cikinta, ƙarami ne amma ba ya ɓuya ga mai irin aikina. Lambatu ya cika ya tumbatso, yana kwaso duk abin da unguwa ta zuba masa yana wucewa da shi ta gabanmu. Da ruwan ya tsagaita na tsayar da adaidaita, na ce ta shigo. Ta ce a'a, za ta taka.

"Ina ne gidan?"

"Unguwa Uku."

"Da ƙafa? Da wannan cikin?"

"Kullum ma haka nake zuwa, Hajiya. Shi ya sa nake makara, tunda kin tambaya."

Na sallami mai adaidaita. Muka tsaya a rumfar nan, mai walda na ta tartsatsinsa a bayanmu.

Ta ce, "Hajiya, don Allah in tambaye ki. Ranar da kika ce kin zo sa kai, me kike nufi?"

Na ce, "Mi nike nufi kuwa? Na gama aikina, na ci albashina, yanzu ina son in yi don Allah."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "To a nan ba haka yake ba. A nan sa kai layi ne. Ki gama makaranta, babu aiki, sai ki sami asibiti ki ce kin zo sa kai. Ki sayi yunifom da kuɗinki, ki zo da kuɗin motarki, ki yi duti kamar kowa, ba a ba ki komai. Kina yi ne don ranar da za a ɗauki ma'aikata a ce ai wance ta daɗe a nan. Duk waɗanda kika gani, in kika cire matiron da mai ba da magani, babu mai albashi. Ni da goyon ɗana na fari na fara, yanzu yana firamare."

Na tuna ledar ɗanwaken nan, da abin da na faɗa wa ɗana a kan tuwo.

Ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce kwamiti ya yi alkawarin in damina ta wuce za a ɗauki ungozoma ɗaya da albashi, kowa kuma ya san nata ne, don ita ce ta fi daɗewa. Maigidanta ya gaji. Ya ce ba zai ci gaba da ciyar da asibitin wasu da ƙarfin matarsa ba, ga gida ga yara. In wannan damar ta wuce ta, ta zauna a gida, magana ta ƙare.

"Kuma tun ranar da kika zo na san ta wuce. Wa zai biya ni, ga wadda ta fi ni ƙwarewa tana yi kyauta, har da wanke bokiti?"

Na ce mata ba zai yiwu ba, zan yi magana. Ta ce, "Allah ya sa," irin faɗar da ake yi wa yaro. Ta tattare hijabinta ta shiga cikin taɓo.

Da na koma gida na tsare ɗana. Na ce don mi bai gaya mini ba? Ya buɗe ido da mamaki na gaske. "Inna, ai kowa ya sani. Ni ma sai da na yi kafin in samu. Haka ake yi." Ya ci gaba da danna wayarsa. Wannan "haka ake yi" ta fi kwatar bakin layi tayar mini da zuciya. Kwata dai an san ƙazanta ce, ana tsallake ta. Wannan kuwa an ɗauki kalma mai tsabta, kalmar da nake ta tanadi don tsufana, an shafa ta a kan cin gumin 'ya'yan mutane, kowa ya saba har ba ya jin warin.

Washegari na sami matiron a ofis. Ta tashi ta tura ƙofa, ta rage murya. Ta ce kwamiti ya riga ya zauna. Sun ce tunda Allah ya kawo musu ƙwararriya har gida, maganar ɗaukar ungozoma a jingine ta tukuna, abin da aka ware a yi wa ginin fenti da shi, a sa sabon allo a bakin titi. Ta ce ita ma abin bai yi mata daɗi ba, amma ita wace ce? Na tambaye ta ko an tuna da katifa. Ta ce ba a kawo maganar katifa ba.

Na nemi gidan Alhaji a Darmanawa. Aka shigar da ni falo mai sanyi, aka aje mini lemo a kan faranti. Ya fito da fara'arsa, yana "Uwarmu, uwarmu, da kanki?" Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce yarinyar nan ta cancanta, na ga hannunta, kuma an yi mata alkawari.

Ya ce, "Hajiya, ai ba a fasa ba, jinkirtawa aka yi. Yaran yanzu gaggawa gare su. Ke da kanki kin nuna musu cewa aikin lafiya aikin lada ne."

Na ce, "Alhaji, ni sai da na ci albashi har na tsufa kafin in nemi lada. Da shi na aurar da ɗiyana, da shi na tahi Makka. Ita da mi za ta ci? Ladan da nike nema kun ɗauka kun yi bulala da shi kuna dukan ɗiyan mutane. Ban zo don wannan ba."

Ya yi murmushi, ya ce in sha lemo. Ya ce ya fahimci ni baƙuwa ce, ban san yadda abubuwa ke tafiya a nan ba. Ko a jikinsa.

Na miƙe na ce, "To ni na sa kaina, ni kuma zan cire shi. Daga yau ba ku da ungozomar kyauta. Sai ku ɗauki wadda kuka yi wa alkawari."

Ya rako ni har bakin ƙofa yana cewa Allah ya huci zuciyata. Ya ce direbansa ya kai ni, na ce ƙafata lafiyarta lau.

Na zauna a gida ina jira. Lissafina mai sauƙi ne: babu ni, dole su neme ta. A wannan zaman ne na san Gyadi-Gyadi. Na gane wane mai kayan miya ne ba ya cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan leda. Na koyi inda ake taka dutse a tsallake kwata ba a duba ba. Na sa matan layinmu a gaba har muka fara share bakin ƙofofinmu ranar Asabar, suna yi suna tsokanata da "Hajiya mi-mi". Ɗaliban aikin jinya da ke haya a gidan kusa da mu suka fara shigowa gaishe ni. Amma kunnena na Tarauni, kuma duk asuba sai na tashi na yi wanka kamar mai zuwa wani wuri.

Ɗana ne ya kawo labarin. Ya ce ya bi ta wajen, an yi fenti kore shar, an kafa allo. Kuma an sami sababbin hannu. Wasu 'yan mata da suka gama makaranta bana sun ji an ce akwai gurbi, suka zo sa kai, har sai da aka mai da wasu. Na tambaye shi mai wushirya fa? Ya ce bai gan ta ba.

Na daɗe ina juya zuwa wajenta, kunya na hana ni. Sai da sanyi ya shigo na shirya, na karɓi kwatance a wurin matiron, na hau adaidaita zuwa Unguwa Uku. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, a can cikin lungu bayan shaguna. Na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ƙulla zoɓo a leda, cikin ya fito sosai, ƙafafunta sun ɗan kumbura.

A igiyar shanya na ga wasu ƙananan fararen riguna na 'yan makaranta. Na san yadin nan, na yunifom ɗinta ne. A ƙirjin ɗaya akwai aljihu da ɗigon shuɗin tawada a kusurwa, inda take maƙala bironta. Ta ga inda nake kallo, ta ce, "Yadin mai kyau ne, Mama. Ba a bar shi ya lalace ba."

Ranar ce ta fara kirana Mama. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce mata na je wurin Alhaji, na ce mata na bar wurin don a ɗauke ta. Ina faɗa ina jin maganar ba ta da nauyi a bakina.

Ta ce, "Na ji, Allah ya saka. Amma da kin yi zamanki. Ko kin tafi wasu za su zo, layin ba ya ƙarewa. Ni maigida ya riga ya yanke, ban ma yi musu ba, na gaji." Ta ƙulle leda ta jefa a bokiti. "Abin da ke damuna yaran da aka kawo. Ba laifinsu ba ne, amma babu wadda ta taɓa karɓar haihuwa ita kaɗai. Matiron kuma rabinta a ofis take. Ni na fita, ke kin fita. Wa aka bar wa matan?"

Na ce ta miƙo ƙafarta. Na danna, yatsana ya bar gurbi. Na ja fatar idonta na duba, ban ji daɗin abin da na gani ba. Na tambaye ta watan haihuwa, ta ce mai kamawa. Na ce a ina?

Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. "A ina kuwa, Mama? Can ɗin dai. Can ne muke iya biya."

A hanyar komawa ban ga kwata ba, ban ga shara ba. Katifar nan kawai nake gani, da ita a kai, da wata yarinya mai sabon yunifom tsaye a kanta ita kaɗai.

Na koma. Ban je wurin Alhaji ba, matiron kawai na gaya wa, ta rungume ni tana ma sha Allah. Fentin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Katifar tana nan yadda na bar ta, sai dai an ƙara mata filasta, don haka na sa ɗana ya nemo mini mai ɗinkin kujerun mota ya sake mata riga. Sababbin 'yan matan suka taru gaishe ni, wata mai ƙaramar murya ta ce, "Hajiya, ke ma sa kai kike yi?" Na ce mata kada ta ƙara faɗa mini wannan kalmar, ta je ta wanke hannu ta zo in nuna mata yadda ake jin kwanciyar ɗa. Har yau in na ji kalmar a rediyo sai na ji yawu ya taru a bakina. In mai waya ya zo ɗaukar hoto, bayana yake samu.

Da hantsi aka kawo mai wushirya, wata Talata, maƙwabciyarta na riƙe da ita. Ta tsaya a bakin ɗakin da ta yi shekaru tana shiga da fararen kaya, yanzu da zani da leda a hannu, tana cije leɓe. Ta leƙa ciki don ta ga wa za ta tarar. Ina tsaye a bakin famfo ina saɓa hannu.

Na ce, "Shigo, ɗiyata. Hau gadon, an gyara katifar."